Yadda Ake Tafiyar da Ƙaramin Shagon Sutura da Zane-zane Mai Tsaya wa Mata

Tambayar da aka fi yi mini a shekarar farko ita ce, "Wai Hajiya, nan shago ne ko ƙungiya?" Mace za ta shigo neman doguwar riga, ta tarar da zane-zane rataye a bango, ga sassaƙaƙƙun ƙore a kan kanta, ga kuma takarda a bakin ƙofa cewa ranar Asabar bayan la'asar lauya za ta zo ta yi bayani kan rabon gado. Sai ki ga ta tsaya tana waige-waige kamar wadda ta yi ɓatan kai. Amsata ba ta taɓa canzawa ba: shago ne. Da kuɗin riga ake biyan haya, da shi ake biyan maɗinka, da shi ake sayen ruwan da mata za su sha in sun zo sauraron lauyar. Ranar da riga ta daina fita, ranar lauya ma za ta daina zuwa.

Da Kano zan yi misali, don ita na sani. Wadda ke Kaduna, Zariya ko Sakkwato sai ta canza sunayen kasuwanni, sauran duk kusan ɗaya ne.

Mataki na farko: ki san maganar da kike yi

Kafin haya, kafin suna, kafin yadi ɗaya, ki zauna ki rubuta a layi guda abin da kike son shagon ya yi wa mata. Abu ɗaya, 'yar'uwa. "Kare haƙƙin mata" ya yi faɗi, teku ne, za ki nutse. Ki ɗauki wanda kika san ciki da bayansa: karatun 'ya'ya mata, ko zawarawan da aka bari da yara ba ciyarwa, ko matan da suka warke daga yoyon fitsari suke neman sana'a, ko sanin haƙƙin gado da sadaki. Ni na ɗauki wannan: mace ta samu kuɗin aikin hannunta a hannunta, 'yarta kuma ta zauna a aji maimakon yawon talla. Duk abin da aka kawo mini, in bai taɓa wannan layin ba, sai in ce Allah ya ba da sa'a, ba nawa ba ne.

Sai maganar suna. Kalmar "feminis" a garin nan ta riga ta sha duka. Da yawa in sun ji ta abin da ke zuwa musu shi ne mace mai raina aure da addini, kuma ba za ki tsaya a bakin kanta kina yi wa kowa lacca ba. Wasu ƙawayena suna kiran kansu da ita kai tsaye, ban ga laifinsu ba. Ni dai ban sa ta a allon shago ba, don ina da abin da ya fi ta ƙarfi a kunnen mutanenmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana naɗa jajis, wato malamai mata jagorori, tana sa musu malfa, su shiga ƙauyuka su karantar da mata. Mahaifinta da kansa ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci suna karantar da na waje. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, jagorar matan jam'iyyar NEPU, ta sha ɗauri da duka kan neman mata su yi karatu su yi zaɓe, kuma matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a babban zaɓe ba sai 1979, alhali na Kudu sun jefa tun 1959. In wani ya ce miki aƙidar Turawa kika kwaso, waɗannan sunayen sun ishe ki amsa. Amma ki karanta tarihinsu da kyau tukuna, kada a yi miki tambaya ta biyu ki yi tsuru-tsuru.

Mataki na biyu: wuri, jari da takardu

Kada ki fara da babban shago. Hayar shago a Kano ta shekara ake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali, ga gyara, kuma a wurare irin su Zoo Road ko Nasarawa hayar kaɗai tana iya lamushe jarinki kafin ki rataye riga ɗaya. In gidanku yana da shago a jikinsa ko ɗakin waje, ki fara a nan wata shida. In kuma haya za ki kama, ki duba abu huɗu: mace za ta iya sauka daga adaidaita sahu ta shigo ba tare da ratsa majalisar maza ba? Akwai banɗaki da inda za a yi salla? Ruwa yana kwanciya a layin da damina? Ɗakin zai ɗauki mata goma sha biyar a zaune in an ture kanta? Kusa da jami'a ko asibiti yana da kyau, don ɗalibai da ma'aikata mata su ne masu fara sayen irin kayanki.

Jarin ki kasa shi uku: kaya, wuri, da ajiyar da za ta riƙe ki wata uku ko da ba a yi ciniki ba. Wannan na ukun shi aka fi mantawa, shi ne kuma ke kashe shago. Adashe ya fi rancen ruwa kwanciyar hankali. In 'yar'uwa ko maigida zai sa kuɗi, a rubuta ko kyauta ce, ko rance, ko hannun jari, a gaban shaida. Kunya a ranar karɓa ita ke zama rigima a ranar riba.

Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ake yi, ta intanet, da lambar NIN ɗinki. Ki tanadi suna biyu ko da an riga ki ɗaya. Da takardar sai ki nemi lambar haraji, ki buɗe asusun banki da sunan shagon, dabam da naki. Ma'aikatan ƙaramar hukuma za su zo kan kuɗin shago da na allo. Ki biya, ki karɓi rasit, ki ajiye a fayil ɗaya. In za ki haɗa man shafawa ko sabulu da sunanki, wannan hurumin NAFDAC ne. Sannan ki kiyaye: rajistar kasuwanci ba ta ba ki damar tara gudummawa daga jama'a ba. Ƙungiya rajistarta dabam ce, da amintattu da nata asusun. Kada ki cakuɗa su.

Mataki na uku: kaya, da hannayen da ke yin su

A nan aikin yake, a nan kuma ake gane mai gaskiya.

Ba za ki iya gasar araha da Kantin Kwari ba. Atamfa da leshi da shaddar da ake saukewa dila-dila daga Sin da Dubai, mai rumfa a Kwari zai sayar ƙasa da yadda ke kika saro. To me zai sa mace ta bar Kwari ta zo wurinki? Abin da ba za ta gan shi a jikin mata goma a gidan biki ba. Ki je Kwari ki sayo farin yadi mai kyau na auduga, ki kai karofin Ƙofar Mata, inda ake rini da baba da toka da kanwa tun ƙarnoni. Ɗaurin da ke fitar da zanen rinin, yawancinsa mata ne ke yi a cikin gida da allura da zare, kuma su ne ba a gani in baƙi sun zo ɗaukar hoto. Ki nemi su. Ki je Kasuwar Kurmi da Ƙofar Wambai ki ga dukawa kan jaka da takalmi, ki ga masu faifai da tabarma. A cikin birnin Zariya akwai matan da ke surfani da hannu wanda keke bai isa ya kwaikwaya ba. Zuwa da kai ya fi aike. Kada ki tsaya a bakin dillali, ki bi shi har gidan da ake aikin.

In kin shiga gida, ki shiga da ladabi. Ki gaida uwargida, in da hali a sanar da maigida abin da ya kawo ki, don kada gobe a hana ta karɓar aiki. Amma kuɗi hannun mai aikin za ki sa, ko asusunta. Dukiyar mace tata ce a Musulunci, ba sai kin yi dogon bayani ba. Na taɓa yin wata huɗu ina ba wata dillaliya kuɗin surfani, sai ranar da na je gidan da kaina na ji cewa rabi kawai ke isa ga matar da ta tsiyaye idonta. Tun ranar na daina. Wadda ba ta da asusu, ki raka ta ta buɗe. Da NIN da waya an gama.

Ga ƙa'idojin da na ɗora wa kaina, kuma in kin ce shagonki na tsaya wa mata ne, ban ga yadda za ki tsallake su ba. Ki tambayi mai aiki kwana nawa aikin zai ci, ki lissafa ladan a kan kwanakin, kada ki tsaya a kan abin da 'yan kasuwa suka saba ba ta don sun san ba ta da mafita. Ki ba da kuɗin zare da rabin lada kafin a fara, sauran ranar da kika karɓi kaya, a ranar, ba "in an sayar" ba. Ke ko yaronki ku kai aiki ku karɓo, kada a turo yarinya 'yar makaranta da safe. In aiki ya ɓaci, ku zauna ku ga inda kuskuren ya fito. Sau da yawa daga bayaninki ne. Kuma ki sa sunan mai aikin a 'yar takardar da ke jikin rigar, in ta yarda. Wata za ta ce a sa, wata za ta ce a sa "Maman wane", wata ba ta so sam. Yadda ta ce haka za a yi.

Na san masu buga "Mace Mutum Ce" a gaban riga suna kuma riƙe kuɗin maɗinkiya wata biyu. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Matan unguwa kuwa suna ji, kuma suna faɗa wa juna.

Ki fara da kaya kaɗan: samfurin riga biyar ko shida, kowanne guda uku zuwa huɗu, da mayafai, da jakunkuna, da ƙananan abubuwa masu sauƙin kuɗi kamar ɗankwali, jakar waya da littafin rubutu mai bangon rini. Ƙananan nan su ke sa ɗaliba ta fita da wani abu a hannu, su ne kuma ke biyan kuɗin wuta. Ɗinkin ya zama wanda mace za ta sa ta je aiki, ta je gaisuwar surukai, ta yi salla da shi. Ki sa aljihu. Ban san wanda ya yanke cewa rigar mace ba ta buƙatar aljihu ba, amma duk rigar da na sa wa aljihu ta riga 'yan'uwanta fita. Ki yi wasu da zif a gaba saboda masu shayarwa, ki kuma yi manyan lambobi, don matan da suka fi kuɗin saye galibi ba sirara ba ne. Rinin baba yana zuba a wankin farko. Ki wanke kafin ki rataye, ki kuma gaya wa mai saye ta wanke shi kaɗai, ta shanya a inuwa.

Mataki na huɗu: yanke farashi

Ga misali, alƙaluman nawa ne na kwatance, ke ki sa na ranar da kike ciki. Doguwar riga: yadi ₦12,000, ɗauri da rini ₦4,000, ɗinki ₦7,000, surfanin wuya ₦6,000, zare da zif da leda ₦1,500. Ya kama ₦30,500. Yawancin masu farawa a nan suke tsayawa, su ɗora dubu biyar su ce sun ci riba. Ina haya? Ina man janareta, da data, da albashin yarinyar shago, da naki albashin? A ce duk waɗannan a wata ₦240,000 ne, kina kuma sayar da manyan kaya 40 a wata. Kowace riga ta ɗauki ₦6,000. Yanzu ta zama ₦36,500. Ki ɗora ribar kashi 30 cikin ɗari, ki sayar ₦47,500.

Ki lura na ce naki albashin. Ki yanka wa kanki, ko kaɗan ne, ki riƙa ɗauka ƙarshen wata, ki daina zura hannu a aljihun kanta don cefane. Mai wa'azin a biya mata ladan aikinsu ba za ta yi wa kanta aikin banza ba.

Ki rubuta farashi a jikin kaya. Mutanenmu sun saba da tayi, za a ce "Haba Hajiya, a rage mana." Ki yi murmushi ki nuna mata sunan da ke jikin takardar, ki ce ragin daga kuɗin wannan baiwar Allah zai fito. Kusan kullum maganar a nan take mutuwa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 farashin komai ba ya zama wuri ɗaya, don haka ki sake lissafi duk lokacin da kika je sari, kada ki sayar a kuɗin da ba zai sayo miki wani yadin ba.

Mataki na biyar: bango

Zanen da ke bango shi ke sa mutum ya daɗe a shagon, wanda ya daɗe kuwa yakan saya. Sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tsoho ne mai suna, kuma duk shekara yana yaye 'yan mata masu hannu da ba su da inda za su rataye aikinsu. Ki neme su, da masu zayyana, da masu ɗaukar hoto, da masu tukwane. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira ashirin, da ginin tukunya ta kai inda ta kai.

Ba sai kin sayi aikin ba. A ajiye a wurinki, in an saya ki ɗauki la'ada. Ni kashi 30 nake ɗauka, mai zane ta ɗauki 70. Ku rubuta a takarda, kowa ta riƙe kwafi: sunan aikin, girmansa, farashi, rabon, wata nawa zai zauna, wa zai biya in ya lalace, da kwana nawa za ki tura kuɗi bayan an saya. Nawa kwana bakwai ne. Sayen zane bai ba ki ikon buga shi a mayafi ɗari ba. Wannan yarjejeniya ce dabam da kuɗinta dabam, kuma dokar haƙƙin mallaka tana bayan mai zanen. Ki riƙa canza bangon duk wata biyu ko uku, ki yi ɗan ƙwarya-ƙwaryar buɗewa da zoɓo da cincin. Da hunturu ƙura tana cin zane, sai firam mai gilashi; rana kuma tana kashe launi, kada ki rataye daura da taga.

Ki san garin da kike. Masu saye da yawa ba sa rataye hoton mai rai a ɗaki, don haka aikin da ya fi fita shi ne na zayyana, da irin zanen da magina ke yi a fuskar soraye, da dagi, da rubutun ajami. A 2021 Hukumar Hisba ta Kano ta sanar da hana teloli da masu shagunan sutura amfani da mutum-mutumi wajen tallan kaya, aka kuma ruwaito cewa marar kai ba laifi. Ni na huta da rigimar: kafinta ya yi mini sanduna masu kafaɗa, riga ta fi ma kyau a kansu.

Mataki na shida: saƙon da ke jikin kaya

Gajere, da Hausa, kuma wanda mace za ta iya sawa a gaban mahaifinta. "Ilimin 'ya mace, hasken gida" a gefen jaka ya yi tafiyar da doguwar magana ba ta yi ba. Jerin mayafai da muka sa wa sunan jajis, da ɗan bayanin 'Yan Taru a takardar jikinsu, ya sa 'yan mata da yawa sun je sun nemi tarihin Nana Asma'u. Kada ki kuskura ki buga aya ko sunan Allah a tufafi. Riga tana shiga banɗaki, tana shiga bahon wanki, kuma wannan kuskure ne da ba a gyara shi da ban-haƙuri. In da ajami za ki rubuta, ki kai wa malami ya duba kafin a buga, don mai wucewa kallon Larabci zai yi masa.

In kin ce "kashi goma na ribar wannan jaka na kuɗin makarantar yara mata ne", to ki rubuta adadin da aka tara da inda ya tafi, ki manna a bango duk wata uku. Ba sunan yara, ba hotonsu. Talaucin mutum ba kayan talla ba ne.

Mataki na bakwai: zaman mata

Sau ɗaya a wata ya isa. Bayan la'asar, a tashi kafin magariba, don kowa ta koma gida ba tare da an tambaye ta ina ta tsaya ba. Kafin zama na farko ki je ki gaida mai unguwa, ki gaya masa abin da za a riƙa yi, in da hali ki gayyato matarsa ko wata malamar Islamiyya da ake girmamawa. Wannan gaisuwar ta minti goma ta tare mini abubuwa da yawa.

Ki kawo masu sani: lauya kan gado, saki, hul'i da riƙon yara, ungozoma ko likita kan awon ciki da gwajin sankarar mama, ma'aikaciyar banki kan ajiya, malama kan haƙƙin mace a aure. Ƙungiyoyi irin su FOMWAN ta mata Musulmi, wadda ke aiki tun 1985, da WRAPA mai kare haƙƙin mata, da FIDA ta mata lauyoyi, suna da mutanen da suka saba irin wannan bayani. Ranar 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, da kwanaki 16 na yaƙi da cin zarafin mata daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, lokuta ne da za ki samu masu magana cikin sauƙi. A zaman kada a yi talla, kada a ɗauki hoto sai da izini, kuma abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin. Ciniki zai zo da kansa wani makon.

Yanzu ga abin da ba wanda ya gaya mini. Da zarar an san shagonki da wannan, wata rana mace za ta shigo, ta juya riguna, ta jira kowa ya fita, sannan ta fashe da kuka. Duka ne, ko an ƙwace mata yara, ko an yi wa 'yarta fyaɗe. Ke ba lauya ba ce, ba likita ba, ba alƙali ba. Ki rufe ƙofa, ki ba ta ruwa, ki saurara, kada ki ce "me kika yi masa?" Sannan ki buɗe littafin da kika riga kika tanada mai lambobin inda ake taimako: cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala ga wadda aka yi wa fyaɗe, kuma a je da wuri, cikin kwana uku, saboda maganin kariya da shaidar likita, FIDA ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a ga mai neman lauya kyauta, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, Hisba ko dattawan dangi ga mai son sulhu. Ita za ta zaɓa. Ki je wuraren nan da ƙafarki tun kafin buƙata ta taso, ki san fuskar wadda za ki kira. Kada ki ɓoye matar aure a shagonki, kada ki je gidan miji faɗa, kada ki sa labarinta a intanet ko da kin sakaya suna. Garin nan ƙarami ne. Yarinyar shagonki ma ki koya mata wannan, don wata rana ba kya nan za a zo.

Mataki na takwas: ciniki na yau da kullum

WhatsApp da Instagram su ne rabin shagon. Hoto da hasken safe, bango fari, farashi a rubuce. "Zo inbox" yana korar masu saye. Ki nuna hannun mai ɗauri tana aiki in ta amince, hannun kawai ya isa. Ki samu na'urar POS, kuma kada kaya su fita sai kin ga kuɗi a asusunki da idonki, don alat na bogi ya yi yawa. Na wani gari a kai tasha, ki ɗauki lambar direba da hoton ƙunshin. Kowane ciniki a littafi, da yamma a haɗa da abin da ke aljihun kanta.

Bashi hanji ne, an ce yana cikin kowa, amma kada ya zama a cikin shagonki. 'Yan'uwa da ƙawaye su ne za su fara: "Zan turo ƙarshen wata." Abin da ya fi mini sauƙi shi ne biya kaɗan-kaɗan, riga tana ajiye da sunan mai saye, ranar da ta cika ta ɗauka. Ba wanda ya ji kunya, ba wanda ya gudu.

Za a yi suka. Wani zai rubuta cewa kina zuga mata su kashe aurensu, wata kuma daga ɗaya ɓangaren za ta ce kin cika tsoro, kina lallaɓa maza. Wanda ya yi tambaya da ladabi ki amsa sau ɗaya. Mai zagi ki toshe shi, kada ki biye masa da asusun shago. Mai barazana ki ajiye hoton saƙonsa ki kai rahoto. 'Yan siyasa kuma za su zo dab da zaɓe da maganar "tallafa wa mata", a ɗinka atamfa mai hoton ɗan takara. Kuɗin yana da daɗi, amma daga ranar rabin matan da ke zuwa zamanki sun ɗauke ƙafa.

Mataki na tara: ki bi kalandar gari

Cinikin sutura a ƙasar Hausa yana da damina da rani nasa. Kayan ƙaramar salla ki fara su tun Rajab, domin da azumi ya kama kowane tela ya cika, masu surfani kuma ga girkin buɗa-baki ga ibada, ba su da hannu. Duk abin da bai shigo shago kafin goma ga azumi ba, ki ɗauka na babbar salla ne. Bayan sallolin akwai bukukuwa, sai kuma Disamba. A nan anko da kayan lefe ke riƙe shago, don haka ki tanadi samfuri biyu da za a iya yin guda ashirin iri ɗaya cikin mako uku, ki kuma karɓi kashi 70 kafin a yanka yadi. Watan da ake komawa makaranta ciniki yakan yi sanyi, kuɗi sun tafi ga kuɗin makaranta. A irin watannin nake canza bango, in ƙirga kaya, in karya farashin abin da ya wuce wata shida a rataye, in zaga gidajen masu aiki mu yi lissafin shekara, in ji wacce 'yarta za ta zana jarrabawar fita sakandare, in rubuta ranar rufe rajista a bangon littafin ciniki.